Abin da Kafaɗa Za Ta Iya

Shekara arba'in da ɗaya ina Lizbon,
ban taɓa hawa ganuwar da ke kan tudu ba.
Baƙi ke hawa, su ɗauki hoto, su sauko,
ni ina ƙasa, a kasuwar kifi,
ina feɗe sardin har yatsuna suka kangare.

Ranar Talata na ce ya isa haka.
Na shiga shagon Abílio baduku,
lungu na uku in ka baro tashar tarago,
inda ƙamshin fata ke riga mai shago gaisuwa.

Na ce, "Jaka nake so, ƙarama,
in rataya in zaga garin nan kamar baƙuwa."
Ya dubi wadda ke kafaɗata,
baƙar nan mai bakin kada,
da ta karkatar da ni hagu tun 'ya'yana na rarrafe.
Ya ce, "Dona Ermelinda, zazzage ta kan tebur.
Ba a yanka yadi sai an auna mai riga."

Na zazzage.
Makullai tara, huɗu na gidan da muka sayar.
Tabaran Custódio, hannu ɗaya a karye,
shekara shida da rufewar idanun da ke bayansa.
Kwalin maganin hawan jini, ba nawa ba.
Rasiɗin wuta na bara waccan.
Safar jariri, ƙafa ɗaya,
mai ita yanzu yana jan tirela a Faransa.
Alewa uku sun narke, sun rungume
wani tsohon kwabo da ko banki ya manta da shi.
Allura, zare, laima mai haƙarƙari biyu a waje.

Abílio bai yi dariya ba.
Ba zan manta masa wannan ba.

Ya sauko da guda uku.
Ta fari ja ce, mai sarƙa, kyakkyawa kamar ƙarya,
ko lemo ɗaya ba za ta haɗiye ba.
Ta biyu ta goyo ce. Shi da kansa ya girgiza kai:
"A cikin taragon nan mai ruwan ɗorawa,
abin da ke bayanki rabon mai dogon hannu ne."
Ta uku ba ta zo da kwalliya ba.
Ruwan ƙasa, faɗin tafi biyu,
igiyarta ta ratsa ƙirji ta sauka a ƙugu,
zik a sama, da wani ɓoyayyen aljihu
da ke kwana jikin mai ita.
Ya ce, "Ruwan sama bai ratsa ta,
kuma hannuwanki biyu sun dawo naki:
ɗaya ya riƙe ƙarfe a gangara,
ɗaya ya nuna abin mamaki."

Sai aka zo rabon wuri,
wa zai shiga, wa zai jira.
Katin tarago ya shiga. Waya ta shiga.
Makulli ɗaya tak.
'Yar gorar ruwa, hankici,
da maganin da ke nawa.
Saura gurbi kamar na ƙwai.
Na ɗauki safar, na ajiye.
Na ɗauki tabaran, na ajiye, na sake ɗauka.
Abílio ya juya baya
yana goge kantar da ba ta da datti.

Na ce, "Shi ma bai taɓa hawa ba."

Laraba da hantsi na hau.
Sau huɗu na tsaya ina wa gwiwa magiya.
A sama, rufin gidaje jajaye sun gangara
har bakin kogin Tejo,
kasuwarmu kuwa ba ta fi akwatin ashana ba.
Na ciro tabaran na kara a ido,
komai ya narke, ruwa da gari da jiragen ruwa.
Na riƙe shi haka nan, fuskarsa na kallon kogi,
har wata yarinya ta miƙo mini wayarta in ɗauke ta hoto.
Da hannu biyu na karɓa.

Kafaɗata ta hagu har yau tana sunkuyawa,
ba a sanar da ita ba tukuna.
Baƙar jakar tana wajen Abílio, ƙarƙashin kanta.
Na ce masa zan zo Jumma'a.
Ban ce wace Jumma'a ba.